Wudil a Kan Keken Guragu: Fitarmu ta Farko Bayan Kulle

Mu biyu muka yi wannan tafiya, keke kuma ɗaya. Babbanmu, wato mai wannan rubutu, shi ne a zaune. Ƙaninsa Auta, ɗan aji uku a ƙaramar sakandare, shi ne a baya yana turawa. Tun muna yara haka muke fita, har 'yan unguwa idan sun hango mu ba sa kiran sunan kowa, sai dai su ce "ga su nan". Shi ya sa za ku ji muna ta cewa "mu". Tafiyar ba ta kai kilomita 3 ba, daga gidanmu zuwa wani gida da ke kusa da bakin kogi a garin Wudil, amma ta ci mana kusan wuni guda.

Kulle iri biyu

Kun dai san yadda aka yi. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, a Legas. A watan Maris aka rufe makarantu, mu 'yan jami'a kuma ga yajin aikin malamai a kan haka. Ranar 16 ga Afrilu gwamnatin Kano ta sa dokar kulle, aka rufe kasuwanni, aka dakatar da sallar Juma'a na wasu makonni. Daga baya aka ware Litinin da Alhamis domin mutane su fita sayen abinci. Sai ranar 2 ga Yuli aka ɗage dokar.

Waɗancan ranakun fita ba namu ba ne. Jama'ar da ta saba cin kasuwa a mako guda ita ce take cin ta a 'yan sa'o'i, kowa na ture kowa. Wanda yake zaune a keke kansa daidai ƙugun mutane yake, duk wanda ya yi tari a kansa zai sauka. Ana cewa a ba da tazara, alhali mu idan muka zo kan matattakala sai an rungume mu an ɗaga. Ana cewa a kula da hannu, alhali hannunmu ne ke juya tayar da ta taka ƙasa. Umma ta ce babu inda za mu je, ba mu yi musu ba. Haka babbanmu ya yi kwana ɗari da 'yan kai bai leƙa ƙofar gida ba.

A makon farko abokai suka yi ta bugo waya suna kukan zaman gida ya ishe su, wani har yana cewa ji yake kamar bango zai faɗo masa. Sai mu yi dariya mu ce musu barka da zuwa unguwarmu. Su sanarwa ce ta kulle su, sanarwa kuma ta buɗe su. Namu kullen da yashi da lambatu da matattakala aka gina shi, babu ranar da za a faɗa a rediyo cewa an ɗage shi.

Abin da ya fitar da mu

Cikin azumi, a kwanakin nan da aka yi ta rasa dattawa a Kano, Allah Ya yi wa malaminmu na makarantar allo rasuwa. Ba mu je jana'iza ba. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, ba mu je ba. Wannan malami ba kamar kowa ba ne a wajenmu. Ciwon shan inna ya kama babbanmu yana ɗan shekara 3, a 2003, shekarar da aka dakatar da allurar rigakafin cutar a Kano. Da ya isa shiga makaranta, mutane da yawa sun ce a bar shi a gida, wasu ma suka ce ai irinsu bakin titi ake kai su. Malam ne ya aiko a kawo shi. Da ya ga keke ba ya iya tsallake lambatu da dokin ƙofar soron, sai ya ciro wani tsohon ƙyauren katako ya shimfiɗa. A kan wannan ƙyaure aka yi ta shiga ana fita har aka sauke Alƙur'ani.

Saboda haka Juma'a ta biyu bayan ɗage kulle muka ce yau kam sai gidan Malam. Gaskiyar magana, ba Umma kaɗai ke tsoro ba. Wanda ya daɗe bai fita ba, fitar kanta sai ta koma masa dodo. Damatsa sun yi laushi, kanta da ke tafin hannu ta baje, ido kuma ya manta yadda ake jure kallon mutane.

Muna da keke iri biyu. Akwai mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, mai sarƙa irin ta keken hawa, wanda guragu da kansu suke ƙerawa a Kano. Yana da sauri a kan titi, amma dogo ne, ba ya shiga ɗaki, ga shi sarƙarsa ta yi tsatsa saboda zama. Akwai kuma irin na asibiti, mai manyan tayoyi biyu a baya da ƙanana biyu a gaba, wanda ake naɗewa. Shi muka ɗauka, domin muna so mu shiga har cikin gida mu gaishe da Iya, matar Malam. Muka sa takunkumi, muka cusa gorar ruwa da ɗan sabulu a aljihun bayan keken, muka yi bisimilla.

Lungu kafin titi

Wudil gari ne na bakin kogi, ƙasarsa kuwa yashi. Ga mai tafiya a ƙafa yashi ba komai ba ne, iyaka ya karkaɗe takalmi. Ga ƙananan tayoyin gaba kuwa tarko ne, suna shiga su nutse, keke ya tsaya cak, wanda ke kai ya tafi kamar zai kifa. Dabarar ita ce mai turawa ya taka ɗan ƙarfen da ke ƙasa ta baya, ya ɗaga gaban, a tafi a kan manyan tayoyi kawai. Inda yashin ya yi zurfi sai a juya keken a ja shi da baya. Don haka rabin lungunmu da baya muka wuce shi, muna kallon inda muka baro.

Damina ta yi nisa, ruwan sama ya yanka rami a tsakiyar lungun, kowane gida kuma ya saki kwatarsa a ciki. Mun ƙirga kwata 11 kafin mu kai kwalta. A wata biyar da suka wuce ba su kai haka ba. Wani maƙwabci ya gina sabon dakali ya ci hanya, wani ya zube bulo da yashin gini a ƙofar gida. Babu wanda ya yi da mugunta. Kowa ya auna hanyar da ƙafarsa, ya ga ana wucewa.

A bakin kwalta muka tsaya wajen mai faci domin tayar hagu ta yi sanyi. Yana ganin mu ya ajiye famfo ya ce, "Kai! Ashe kuna nan? Wallahi har na fara tambaya ko lafiya." Ya ba tayoyin iska, ya ɗiga baƙin mai a inda ke ƙara, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce wata uku babu mai kawo faci, da rancen hatsi ya ciyar da gida, amma kuɗinmu dai ba zai taɓa ba yau.

Ranar kasuwa

Wudil tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai daga birni. Daga nan hanya ke rabuwa, wata ta yi Gaya da Dutse. A kan hanyar Gayan jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha take, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda a yankin. Amma abin da ya fi fito da sunan garin shi ne kasuwar shanu, wadda ke ci ranar Juma'a. Babbar Sallah ta rage mako 3, ga kasuwa ta daɗe a rufe, sai garin ya cika ya batse. Tireloli sun yi layi, fatake da dillalai suna ta kai da kawo, yara na jan raguna, masu fura da nono sun jera ƙwarya, ƙamshin tsire da ƙurar shanu sun haɗu a iska.

Idan kana zaune a keke, tayar tirela ta fi ka tsawo. Direba ba ya ganin ka. Gefen titin da ya kamata mu bi kuwa masu tebur da 'yan acaɓa da adaidaita sahu sun cinye shi. Dole muka hau kwalta muna rabawa da motoci. Auta ya cire hularsa yana ɗagawa sama domin a gan mu. A wani wuri garken shanu ya taho, muka maƙale a jikin wata rumfa, ƙaho yana wucewa daidai fuskarmu. Wani Bafulatani matashi ya zo ya tsaya a gabanmu da sandarsa har suka gama wucewa, bai ce uffan ba, ya ɗaga mana hannu ya bi dabbobinsa.

Mun so cirar kuɗi don mu riƙa wa Iya ɗan wani abu. A wani banki muka tarar an kafa rumfa a waje, an jera kujeru da tazara, an ajiye bokitin wanke hannu mai famfo. Tsari ya yi kyau. Sai dai bokitin yana kan wani dogon ƙarfe, kuma da ƙafa ake taka shi ruwa ya zubo. Injin cirar kuɗin yana saman matattakala 4. Akwai gangara a gefe, amma tsayuwarta kamar ta hawa bene, an kuma ajiye babura biyu a bakinta. Muka haƙura muka je wajen mai POS a ƙarƙashin lema, wanda ya miƙo mana na'urar har kan cinya.

"Ba bara muke ba, Baba"

A nan ne abin da muka fi tsoro ya faru. Muna jiran mai POS ya ƙirga kuɗi, wani dattijo mai farin gemu, da ganinsa baƙon kasuwa ne, ya zo ya ajiye naira 50 a cinyar babbanmu ya ce, "Ga sadaka, a yi mana addu'a."

Auta ya fusata, har ya buɗe baki. Babbanmu ya riƙe masa hannu, ya ɗauki kuɗin da hannu biyu ya miƙa ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba. Amma ba bara muke ba, ta'aziyya za mu. Ɗalibi ne ni, ina aji biyu a jami'a."

Dattijon ya yi shiru, kunya ta kama shi. Ya ce, "Ka yafe ni, ɗana. Ido ne ya saba." Daga nan ya tambayi me ake karanta, aka gaya masa, ya ce shi ma yana da jika mace da ba ta tafiya, tana gida ba ta zuwa ko'ina. Muka ce masa a sa ta a makaranta. Ya ce makarantar garinsu akwai tudu a ƙofar aji. Muka ce tudun nawa yake? Ya nuna da hannu, bai kai taƙi ɗaya ba.

Da muka wuce Auta ya ce, "Yaya, ni fa abin nan yana ƙona min rai." Aka ce masa dattijon bai yi ƙarya ba, ido ne ya saba. Idan mutum bai taɓa ganin mai keke a aji ko a ofis ko a bayan kanta ba, sai a bakin titi da ƙoƙo, me kake so ya zata? Kuma muddin muna gida a ɓoye, idon ba zai saba da wani abu daban ba.

Sallar Juma'a a waje muka yi ta, a ƙarshen sahu, kan titi, domin ƙofar masallacin da ta fi kusa da mu hawa ce. Wani bawan Allah ya matsar da dardumarsa ya ba keken wuri, ya kuma kare mu da lemarsa lokacin huɗuba.

Kogi

Bayan an idar muka ce tunda mun zo nan, sai mun ga ruwa. Kogin Wudil ba baƙo ba ne a littafinku na labarin ƙasa. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga, da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa kafin su iso nan. Daga nan ruwan ya nufi Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, ya zama Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Ruwan da muke kallo a ranar, wani daga cikinsa zai wuce ta iyakar Najeriya da Nijar, mu kuwa da ƙyar muka yi kilomita 2.

Ba mu iya sauka bakin ruwan ba, gangaren yashi ne zalla. Daga sama muka tsaya, kusa da gada. Kogin ya kawo, ruwan ja wur saboda damina. Masunta na tura kwale-kwale da gora, masu ɗibar yashi na loda wa tifa, mata na soya kifi, hayaƙi na tashi. Iska mai sanyi ta bugo mu. Babbanmu ya sauke takunkumi ya shaƙa, ya ce wata huɗu rabon da ya ga abin da ya fi tsakar gida faɗi. Muka sayi kifi na naira 300, muka wanke hannu da sabulunmu, muka ci a nan, Auta a tsugune, keke an danne masa birki.

Gidan Malam

La'asar ta kusa lokacin da muka shiga lungun su Malam. Tun daga nesa muka ga ƙofar soron babu ƙyauren nan. Lambatu a buɗe, dokin ƙofa a tsaye. Gabanmu ya faɗi. Muka yi sallama, babban ɗan Malam ya fito, muka yi masa gaisuwa daga waje. Yana amsawa sai ya ce mu dakata, ya koma ciki. Can sai ga shi da wani almajiri sun ɗauko ƙyauren, sun shimfiɗa shi a inda yake a da.

A tsakar gida Iya tana zaune a kan tabarma, ta gama takaba ko ba ta gama ba bamu tambaya ba, carbi dai na hannunta. Muka ce, "Iya, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makoma. Ki yafe mana rashin zuwa da wuri." Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ai na san abin da ya tsare ku, 'ya'yan nan."

Sai ta ba mu labari. Lokacin kulle itace ya yi wuya, har tsohon turmi da karyayyen benci sun shiga murhu. Wata rana yara suka ɗauko ƙyauren za su faskara, tunda makaranta a rufe take babu mai bi ta kai. Malam yana kwance ba lafiya ya ji ƙarar gatari, ya ɗaga murya ya ce a mayar, a jingine shi a ɗaki kada ruwa ya taɓa shi, mai shi zai dawo. Kwana 6 bayan haka ya cika.

Babu wanda ya iya magana a cikinmu na ɗan lokaci. Muka yi addu'a, muka ajiye ɗan abin da muka riƙo, muka fito ta kan ƙyauren.

Lissafin ƙyaure

Washegari Auta ya ari tef a wajen tela ya koma ya auna. Tudun ƙofar santimita 15, tsawon ƙyauren kusan santimita 180. Masana gini suna da ƙa'ida a kan gangarar keken guragu: duk tudun santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Ku buga 15 sau 12 ku gani. Malam bai taɓa jin wannan ƙa'ida ba. Ya dai tsaya ya kalli yaro da kekensa, ya nemo abin da zai yi daidai.

Yanzu akwai doka a kan wannan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuma naira miliyan 1. Ta ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati ga masu nakasa. A watan Agustan 2020 aka naɗa shugabannin hukumar ƙasa da za ta kula da wannan aiki. A cikin watan ne kuma, ranar 25, aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan shekara 4 ba a samu wanda ta kama a Najeriya ba. Mun yi murna ƙwarai, domin ƙannenmu sun tsira. Amma mu da ta riga ta taɓa muna nan, ga waɗanda hatsarin mota ya zaunar, ga tsofaffi. Duk ƙofa ɗaya muke nema da ku.

Aikin gida

'Yan uwa ɗalibai, kun ɗanɗana zaman gida na dole, kun ji yadda yake. Ga ɗan aiki da ba ya buƙatar kuɗi. Ku ɗauki tef ko rula, ku fara daga ƙofar makarantarku ku bi har ajinku, sannan ɗakin gwaje-gwaje, masallaci da banɗaki. Ku ƙirga matattakala. Ku auna tsawon kowane tudu ku buga sau 12. Ku auna faɗin ƙofofi, keke yana son kusan santimita 90 kafin ya shige a sake. Ku rubuta abin da kuka samu ku kai wa shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai. Wani wurin buhun siminti ɗaya ya isa, wani wurin katako ne kawai, wani kuma iyaka a sauya wa aji ɗaki zuwa ƙasa.

Idan kun haɗu da mai keke a hanya, ku yi masa sallama kamar kowa, ku yi magana da shi ba da mai tura shi ba. Kada ku kama keken ku tura sai kun tambaya, domin keken kamar jikinsa ne. Kada ku ajiye babur a bakin gangara. Kuma ku duba unguwarku: akwai yaro ko yarinya da ba ku ƙara gani a waje ba tun kafin korona? Ku je ku yi sallama.

Mu dai tun daga ranar nan kowace Juma'a muna fita. An gyara sarƙar mai ƙafa uku, kanta ta dawo tafin hannu. Makarantar Malam ta ci gaba a hannun ɗansa, kuma mun ji an kawo wata yarinya 'yar shekara 6 da ke bi ta kan ƙyauren nan kullum da safe. Allah Ya jiƙan Malam, Ya ba mu ikon yin ko da rabin abin da ya yi.